Sabuwar ƙota, tsohuwa mai adafta, ko kan da ake mannewa: wace hanya ta fi wajen harhaɗa direban golf

Duk wanda ya taɓa sa wa gatari ƙota ya san rabin wannan aikin. Sandar golf ma kai ce da ƙota da mariƙi, kuma a cikin sanduna 14 da doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauka, babu wadda ake yawan sauya wa ƙota kamar direba, doguwar sandar nan da ake buga ƙwallon farko da ita. Bambancin kawai shi ne ƙotar gatari itace ce, ta direba kuwa bututu ne na zaren kabon da aka naɗe shi falle bisa falle, nauyinsa daga giram 40 da 'yan kai zuwa 70 da wani abu, kuma kuskuren rabin inci ko zafin minti ɗaya ya isa ya kashe shi.

Mai son sauya ƙota, ko a Kaduna yake wasa ko a Rayfield ta Jos ko a filin IBB na Abuja, hanyoyi uku ne a gabansa. Ya sayi sabuwar ƙota da ba a taɓa yankawa ba, ya sa mata adafta. Ko ya sayi wadda wani ya yi amfani da ita, da adaftarta da mariƙinta, ya ɗaure kawai. Ko kuma ya nemi kan da ba shi da adafta, wanda ake manne ƙota a wuyansa kai tsaye da gam. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, haɗarinsu ma ba ɗaya ba.

Kafin komai a auna kaurin bakin ƙota, wato siririn gefen da ke shiga kai. Na direba iri biyu ne: inci 0.335, kimanin milimita 8.5, da inci 0.350, kimanin milimita 8.9. Yawancin ƙotocin da ake sayarwa daban a yau 0.335 ne, amma akwai tsofaffin kawuna masu ramin 0.350. Ido ba ya raba su, sai ma'auni. Idan ƙota siririya ce rami kuma mai faɗi, akwai ciko na tagulla, falle ne siriri mai fiffike da ake sa wa bakin ƙotar ya cike gurbin, kuma yana riƙewa lafiya lau. Idan kuwa ƙotar ce ta fi ramin kauri, to a haƙura da ita. Masu goge 0.350 da samfefa har ta shige ramin 0.335 zaren da ke riƙe da ƙotar suke cinyewa, kuma a daidai wurin za ta karye.

Sabuwar ƙota da adafta

Tun da hukumomin dokar golf, R&A da USGA, suka sassauta a 2008 aka yarda da sandunan da ake iya juya saitinsu, TaylorMade kuma ta fito da R9 a 2009, kusan duk manyan kamfanoni sun koma wuyan da ake kwancewa. Adafta ɗan guntun alminiyom ne mai nauyin giram 6 zuwa 8. A cikinta ake manne ƙota, ita kuma ta shiga kai, a ɗaure ta da sukuru ta ƙarƙashi. Ramin cikinta a ɗan karkace yake, shi ya sa juya ta ke ƙara wa fuskar sanda kwanciya ko rage ta.

Kowane kamfani da tasa adaftar, ba sa shiga juna. Ta TaylorMade tana ƙara ko rage digiri 2, kuma guda ɗaya ce ke shiga kawunan M da SIM da Stealth da Qi10. Ta Titleist, SureFit, saiti 16 gare ta. Ta Callaway, OptiFit, zobba biyu ne masu haƙora, tana rage digiri 1 ko ta ƙara 1 ko 2. Ping ce ke yawan kama mutane: adaftar G400 ba ta shiga G410, amma ta G410 tana shiga G425 da G430. A kuma lura, ta direba da ta ƙananan sandunan fili, wato masu kama da direba amma gajeru, ba lallai su zama ɗaya ba ko da kamfani ɗaya ne, bahago kuma ya nemi mai rubutun hagu, don rubutun ta dama a juye zai zame masa.

Sabuwar ƙota inci 46 take zuwa. Ga direba, yawancin masu ƙerawa suna cewa kada a yanke komai a baki, a yanke tsawo daga gindi kawai. Mai son ta ɗan ƙara tauri a ƙasa yana iya cire rabin inci ko inci ɗaya daga baki, amma da sharaɗi: sashen bakin da kaurinsa bai fara ƙaruwa ba gajere ne, a ƙotoci da yawa bai wuce inci 3 ba, adafta kuma za ta cinye inci ɗaya ko fiye daga ciki. Wanda ya wuce gona da iri zai tarar ƙota ta ƙi kaiwa ƙasan rami. Abin da aka yanke a baki ba ya dawowa. Shawararmu ga wanda bai tabbata ba ita ce ya bar bakin yadda yake, ya yi wasa sati biyu tukuna.

Yadda aikin yake: a zura ƙota cikin adafta ba gam, a naɗa salatif a daidai inda ta tsaya. Daga salatif ɗin zuwa baki a kankare fenti da samfefa mai matsakaicin kaushi, a hankali, ana juya ƙotar. Da ƙyallin ya tafi, wurin ya koma baƙi-baƙi mara sheƙi, a tsaya. Idan ƙurar da ke zuba ta koma baƙa ƙirin, an shiga zare. A karce cikin adaftar ma, a goge duka biyun da asiton, wato sinadarin wanke maiƙo da fenti, a bar su su bushe, kada yatsa ya sake taɓa wurin. Lokacin hunturu, da ƙura ke sauka a kan komai, a yi gogewar dab da sa gam.

Gam ɗin mai kwaba biyu ne, ifoksi, ana kwaba shi ɗaya da ɗaya, kuma abin da bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba ya isa. A shafa a bakin ƙota, a shafa kaɗan a bangon rami, a tura ana murzawa har a ji ta dira ƙasa. Wani ɗan zobe na gam zai fito a bakin adaftar, wannan alama ce mai kyau, a share shi da tsumma. Sai a saki hannu a duba: idan ƙotar ta fara tasowa da kanta, iska ce ta maƙale a ciki saboda hujin ƙotar ya toshe, sai a zare a huda a sake. Masu cika rami da gam don ya fi riƙo suna yi wa kansu ɓarna. Gam ɗin yana hawa cikin bututun ya daskare ya zama toshe, ƙotar kuma ta riƙa lanƙwasa a kan gefensa har ta tsage a saman adafta. Wani lokaci guntunsa ya ɓalle ya riƙa ƙarar-ƙarar a ciki.

Irin gam ɗin ma abin dubawa ne. Na haɗa sandar golf an yi shi ne ya jure duka, ya kuma saki idan zafi ya kai wajen digiri 120 na ma'aunin Salsiyos. Mai kamawa a minti biyar na shagon kayan gini yakan yi gautsi, wanda aka yi don injin mota kuwa ba ya sakewa sai da zafin da zai ƙona ƙotar ranar da aka so cire ta. Mai awa 24 ya fi, domin yana ba mutum lokacin daidaita rubutun ƙota da saitin adafta. A zafin Kano na watan Afrilu kwaɓin yana saurin kauri, a kwaba kaɗan a yi sauri. A sanyin Jos na Disamba kuma a ƙara masa yini guda kafin a buga.

Bayan ya kama sai a ɗaura kai, a auna tsawo, a yanke gindi. A naɗa salatif a wurin yankan, a yi amfani da faifan yanka mai juyawa ko zarto mai yashi maimakon haƙora. Abin yanka bututun famfo yana murƙushe zaren kabon. A tuna murfin mariƙi yana ƙara kashi ɗaya cikin takwas na inci.

Wannan hanya ita ta fi tsada. Ƙota irin Ventus ta Fujikura, ko Diamana ta Mitsubishi, ko Tour AD ta Graphite Design, ita kaɗai tana haura dala 300, ban da kuɗin kawowa. Abin da mutum ke saye da kuɗin shi ne sani: ya san ba a yanke ta ba, ba ta taɓa ganin wuta ba, kuma tsawon da yake so shi zai samu. Akwai kuma sababbin ƙotoci masu sauƙin kuɗi daga Aldila da UST Mamiya da sauransu, waɗanda ga mai matsakaicin gudu ba za a ga wani bambanci a fili ba.

Tsohuwa mai adafta

Ita ce mai jan hankali, don kuɗinta kan yi ƙasa sosai kuma ba gam ba zarto: a kwance sukuru, a zare waccan, a sa wannan, minti biyu an gama. Idan daga hannun wanda ka sani ta fito, kuma kansa irin naka ne, babu hanyar da ta fi ta. Matsalar tana wajen wadda aka saya daga hoto.

Abu na farko da hoto ke ɓoyewa shi ne tsawo. Mai sayarwa zai ce inci 45, bai faɗi ko tsawon ƙotar ba ne ko na sandar gaba ɗaya. Tsakaninsu akwai inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gwargwadon kai. Ƙota mai adafta da mariƙi da ta auna 44 da kwata za ta ba da sanda wajen 45 da rabi. Wadda ta auna 42 da rabi kuwa ta ƙaramar sandar fili ce, an kuma riga an yanke mata baki. A nemi hoton ƙotar kwance kusa da tef, daga bakin adafta zuwa ƙarshen mariƙi. Gajeriya ana iya yi mata ƙari ta gindi, amma kada ya wuce inci ɗaya da rabi ko biyu, kuma ƙarin yana sauya yadda take ji a hannu.

Na biyu yankan baki. Da an manna adafta ba ya ganuwa. Hanyar ganewa ita ce a auna daga bakin adafta zuwa inda rubutu ko zanen ƙotar ya fara, a kwatanta da wata irinta da ba a taɓa ba. Ƙota mai harafin S, wato mai tauri, da aka cire wa inci ɗaya a baki ta kusa zama X, wadda ta fi S tauri, mai ita zai yi ta mamakin yadda ƙwallo ya ƙi tashi yana ta zamewa dama.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne wuta. Ƙotar da ta yi yawo daga Ping zuwa Callaway zuwa TaylorMade an gasa bakinta sau biyu ke nan. Zaren kabon da wani irin gam aka haɗa shi, kuma zafin da ke sakin gam ɗin adafta bai yi nisa da wanda ke lalata na ƙotar ba. Idan aka cire adafta aka ga bakin sumul, da'irarsa a cike, an ƙwanƙwasa a kan siminti ya yi ƙara mai tsini, lafiya. Idan an ga ya buɗe kamar bakin asawaki, ko an matsa da yatsa ya ba da kai, ta tashi aiki. Wasu sukan yanke wurin da ya lalace su manna, ka ga an koma matsala ta biyu.

Akwai kuma batun suna. Kamfanonin sanda kan sa wa direbobinsu ƙotoci masu suna da fenti irin na masu tsada, amma ginin ciki daban. Ventus da ke zuwa a kan wasu direbobin TaylorMade ba ta da VeloCore, wato ginin ciki na musamman na Fujikura, wadda ake sayarwa daban kuwa an rubuta VeloCore kusa da bakinta. Ba wai waccan ba ta da kyau ba ne, kawai kada a biya kuɗin wannan a karɓi waccan. Jabu kuma sun cika intanet. Sikelin kicin yana tona da yawa daga cikinsu: ƙotar da aka rubuta wa giram 65, idan an cire nauyin mariƙi wajen giram 50 da na adafta, an kuma yi la'akari da ɗan abin da aka yanke, bai kamata ta yi nisa da abin da aka rubuta ba.

Wanda zai sauya wa tsohuwar ƙota adafta lallai ya sami na'urar zarewa, wadda ke riƙe ƙota tana tura adaftar waje a miƙe. A ɗan matsa na'urar, a hura wa alminiyom ɗin zafi daƙiƙa 20 zuwa 30 ana zagayawa, a ƙara matsi, da ta motsa a janye zafin. Kada a murɗa. Ƙotar ƙarfe ake murɗawa ta fita, ta kabon kuwa murɗa ɗaya cikin zafi ta raba fallayen zaren da juna, ko da waje bai nuna ba. Wanda ba shi da na'urar ya kai wa mai ita, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Kan da ake mannewa

Tsofaffin direbobi na kafin zamanin adafta, da kawunan da kamfanoni irin Wishon da Maltby ke yi don masu harhaɗawa, ƙota a wuyansu take shiga kai tsaye. Amfaninsu a fili yake: sun fi araha, babu sukurun da zai kwance, babu nauyin adafta a wuya, kuma kwanciyar fuskar da aka saya ita ce ake bugawa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a adafta ƙarin kwanciya yana zuwa da rufewar fuska, ragi kuma da buɗewarta, idan aka ajiye kan ya zauna da kansa a ƙasa. Mai fama da ƙwallon da ke lanƙwasa dama, ya kuma rage digiri biyu don ya yi nisa, ya ƙara wa kansa ciwon ne.

Aikin haɗawa ɗaya ne da na adafta, sai 'yan abubuwan lura. A fiƙe bakin ramin ta ciki da abin fiƙewa mai kusurwar digiri 20, don kaifin ƙarfe kada ya riƙa yankar ƙota a kowane bugu, gam kuma ya cike wurin ya zama matashi. Sannan a sa zoben roba a saman wuya. Zurfin ramin ma a auna shi: kan da raminsa ya kusa kaiwa ƙasa yana sa ƙota ta yi tauri fiye da mai gajeren rami, ko da ƙotar ɗaya ce.

Illarsa ita ce kowane gwaji sai da wuta. Ka manna, ba ta yi maka ba, sai an gasa an zare, kuma titaniyom ba ya yaɗa zafi da sauri kamar alminiyom, fentin wuya kan iya ƙonewa. Saboda haka wannan hanya ta wanda ya riga ya san nauyi da tauri da tsawon da suka dace da shi ce. Mai lalube ya tsaya a adafta.

Tsawo da nauyi, inda mafi yawa ke faɗuwa

Ko wace hanya aka bi, a nan sanda ke gyaruwa ko ta lalace. Doka ta yarda da tsawo har inci 48, tun daga 2022 kuma masu shirya manyan gasanni na iya taƙaita shi a 46. Direbobin shago suna zuwa 45 da rabi ko fiye, saboda doguwar sanda tana kai ƙwallo nesa idan an dace. Ɗan wasa na yau da kullum ya fi dacewa da tsakiyar fuska a 44 da rabi, kuma bugun tsakiya ya fi ƙarin inci kai ƙwallo nesa. Gwajin ba ya cin ko sisi: a shafa wa fuska hoda, a buga goma, a sauko da hannu inci ɗaya a kan mariƙi, a sake buga goma, a dubi inda tabon ya taru.

Sai dai yanke tsawo yana sa kai ya yi sauƙi a hannu. Ana auna wannan da sikeli na musamman mai harafi da lamba, kowane harafi na da maki 0 zuwa 9, C kuma ya fi D sauƙi, direba kuwa yakan zauna tsakanin D1 da D4. Lissafin masu sana'ar shi ne: rabin inci maki 3, giram 2 a kai maki 1, giram 9 a ƙota maki 1, giram 4 zuwa 5 a mariƙi maki 1 amma ta baya. Sanda mai D3 a 45 da rabi, idan aka cire mata inci ɗaya, ta faɗo C7, kuma sai an ƙara wa kai giram 12 kafin ta koma inda take. Ba dole a mayar da duka ba, giram 6 zuwa 8 kan wadatar. A kan da ke da sukurun nauyi sai a sayi mai nauyi a sauya. A wanda ba shi da shi sai salatif ɗin dalma a ƙarƙashi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan a filin gwaji har hannu ya ce ya isa. Sa mariƙi mara nauyi don sikeli ya nuna D3 yaudarar sikeli ce kawai, kan bai ƙara ko giram ɗaya ba.

Harafin tauri kuwa kada a ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. L da A da R da S da X, daga mafi laushi zuwa mafi tauri, ba su da mizani ɗaya tsakanin kamfanoni, S ɗin wani R ɗin wani ce. Abin da aka saba faɗa shi ne R ga mai gudun kai mil 85 zuwa 95 a awa, S daga nan zuwa 105, X sama da haka, amma mai fizga da ƙarfi daga sama yana bukatar tauri da nauyi fiye da mai sauko da sanda a natse, ko da gudunsu ɗaya. Nauyi ya fi harafi saurin nuna kansa: wanda ya saba da giram 65 aka ba shi 45 zai ji sandar ta ɓace masa a sama.

Mai adafta ya duba abu ɗaya kafin ya sa mariƙi. A TaylorMade da Ping ƙotar gaba ɗaya ce ke juyawa idan an sauya saiti, don haka mariƙi mai ƙashi a baya zai karkace, gara mai zagaye sumul. A Callaway zobban ne ke juyawa, ƙota na nan inda take. Wajen ɗaurewa kuma a yi amfani da makullin da ya zo da sandar, a murɗa har ya yi ƙas sau ɗaya, a bari. Idan kai ya fara ƙara ko motsi bayan 'yan makonni, a kwance a duba ko ƙura ta shiga mazaunin adaftar kafin a zargi gam. Saitin kuma a gama shi kafin a fara wasa a ramin farko na fili, domin doka ta hana juya shi a tsakiyar zagaye.